Jan Hannun Tumba

A gonarmu ta Achida ba a ba sure tsakiya ba.
Gefe aka kai shi, can bakin iyaka,
inda geronmu ya ƙare, na Nomau ya soma.
Maza suka kwashe fili da damman hatsi,
aka bar wa kakata Tumba kunya biyu.
Ta ce sun ishe ta.

Ita ta nuna mini cewa furen gaske ba ja ba ne.
Fari-fari yake, da ɗigon jini a maƙogwaro,
ya buɗe da hantsi, la'asar ta same shi a ƙasa.
"Wanga da kike gani ja," in ji ta,
"zanen goyo na, ɗiya.
Hure ya tahi, shi aka bari da renon 'ya'ya."

Kaka ta yi, muka zauna gindin bedi muna ɓara,
ƙaiƙayi har gwiwar hannu,
gurguzu a masaki, ja a tabarma.
Ba ta zubar da komai:
ganye ya riga ya shiga kwaɗo da ƙuli,
gurguzu zai kwana uku a rufe ya tashi batso,
warinsa ya kori baƙo, miyarsa ta dawo da shi.

Jan kuwa na tukunyar dare ne.
In mura ta toshe ni, sai ta dafa shi da citta,
kanumfari bakwai, masoro abin da yatsu uku suka ɗauka,
ta ce in sha da zafinsa, kada in hura.
In ciki ya ɗaure wa yaro, mai sanyi daga randa.
Ban taɓa ganin ta auna ruwa ba.
Launi take kallo.

Yau ina bayan kanta a shagon magani, cikin Sakkwato,
da farar riga da biro a aljihu.
An kawo mana kwali daga ƙetare,
hoton fure a jiki, wanda ma ba namu ba,
ƙunshi ashirin, kowanne da zarensa kamar laya,
kuɗinsa ya sayi tiya uku ran kasuwar Achida.
Na san motocin da suka kwashe shi buhu-buhu,
na san matan da aka taya wa da wulaƙanci.
Ya je yawon duniya ya dawo da sabon suna.
'Yan mata na tambayar mansa don gashi,
wata ta ce sabulunsa take so.

Jiya Kawu Arzika ya shigo yana haki.
Ya watsar da ƙwayar hawan jini wata guda,
wai a waya ya ji zobo ya wadatar.
Roba biyu kullum, sukari kamar na biki.
Na ɗaura masa awo a damtse,
lambar ta hau, ta hau, na daina kallon fuskarsa.
Na ce, Kawu, sha abinka, amma ba sukari,
ƙwaya kuma ka koma mata, gobe ka ga likita.
Ya ce, "Tumba ta taɓa haɗiyar ƙwaya?"
Na ce Tumba da ƙafa take zuwa fadama,
kai ko masallaci sai da mashin.
Ya yi dariya har da tari. Ya karɓi magani.

Bara ta rasu, ana tsakar ɓara.
Masu wanka suka ce sun cuɗa, sun cuɗa,
jan bai bar tsagar tafinta ba.
Haka aka rufe ta.

Da na kulle shago na yage ƙunshi ɗaya a tafina.
Gari ne, baƙi-baƙi, ba shi da fuska.
Na ɗiga masa ruwa.
Tsamin ya taso, nata sak.

Akwai gurguzu bakwai a bokitin fenti bayan shago.
Huɗu sun tsiro.
Akuyar mai faci ta riga ta ga wurin.